Rigar sanyi ta huje? A kawo allura da ludayi

Ranar zubinmu na farkon watan Disamba, bayan masu ƙidaya sun gama lissafi, shugaba ta tambaya ko akwai mai neman rance. Mata huɗu suka ɗaga hannu. Ɗaya za ta ƙara jari a sana'ar ƙuli-ƙuli, wannan ba gardama. Sauran ukun kuwa kamar sun haɗa baki: rigunan sanyi na yara. Ma'aji ta yi shiru ɗan lokaci, sannan ta dubi babbar cikinsu ta ce, "To Yaya, na bara fa?" Amsar ita ma ɗaya ce a bakin su ukun. Sun huje.

Ba a hana su ba, kuɗin asusu haƙƙinsu ne. Amma abin ya tsaya mini a rai. Rancen da aka ci aka sayi kaji ko buhun gyaɗa shi ke biyan kansa. Wanda aka ci aka sayi tufafi kuwa daga cikin kuɗin cefane za a zaro shi, har da ɗan abin da ake ɗorawa a kai. Sai na roƙi ƴan uwa kowace ta zazzage buhun da ta cusa kayan sanyin bara, ta kawo mako mai zuwa mu gani da idonmu. Aka tara su bisa tabarma, tsibi guda. Waɗanda suka mutu murus kaɗan ne ƙwarai. Saura duk ƙananan lahani ne: ɓula kamar ƙwayar dala biyar a gwiwar hannu, hammata da ta buɗe, bakin hannu da ya tsefe, safa mai leƙen babban yatsa, hular jariri da ɓera ya ɗanɗana.

Muna cikin juya su sai wata dattijuwa daga cikinmu, wadda duk muke ce wa Inna, ta ɗauki wata shuɗiyar riga ta ɗaga ta ga rana. Ta aiki jikarta gida ta ɗauko mata allura da tsohon ludayi. Kafin a rufe akwati a sa kwado ukun, ta cike hujin. Abin da za ku karanta a nan yawancinsa daga hannunta na gan shi, sauran kuma na gwada a kan rigunan ɗiyana har na daina ɓatawa.

Sanyin namu da tsadar bosho

Wanda bai san Madarunfa ba cewa yake ƙasar zafi ce, me za a yi da rigar sanyi? Ya zo ya kwana kusa da tafki a watan Janairu. Da asuba ma'aunin zafi kan sauka ƙasa da digiri 15, ga iskar hunturu tana ratsa zana da katangar kara, ga ƙura. Kuma a daidai wannan lokacin ne muke tashi: mai zuwa lambu ban ruwa, mai hura wutar ƙosai, yaro mai zuwa makarantar allo, mai kora awaki. Babba ya yafa bargo ya jure. Jariri ba ya iya jurewa, don jikinsa na zubar da ɗumi da sauri, musamman ta kai, shi ya sa ungozoma a gidan likita ke nanata maganar hula da safa ga sabon haihuwa. Rigar sanyi ba ta maye gurbin allurar rigakafi ba, kuma yaron da ke numfashi da sauri ko haƙarƙarinsa na lotsawa gidan likita ya nufa, ba ƙarin riga ba. Amma barin yaro yana rawar ɗari wata uku ba abin da uwa za ta yarda da shi ne.

Mafi yawan rigunan nan bosho ne, wanda ƴan uwanmu na Jibiya da Katsina ke kira gwanjo. Daga Turai da Amurka da Sin ake ɗauro su dila-dila, a sauke a tashar jirgin ruwa ta Kwatano ko ta Lome, su hau mota har Maraɗi, daga nan ƴan kiri su shigo da su kasuwannin ƙauye, Ɗan Isa, Gabi, Safo, Jiratawa. Da aka rufe iyakoki a 2023 hanyar Kwatano ta toshe, kaya da yawa suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso. Hanya ta yi nisa, kuɗin mota ya ƙaru, kuma mun san wanda ke biyan wannan ƙarin a ƙarshe. Ga shi da sanyi ya kama, mai bosho ya san ba ki da zaɓi. Gidan da ke da yara biyar ko shida, in kowa sai an sake masa riga duk shekara, jikkoki ne ke fita.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne mu ba mutanen da ke yar da abu ba ne. Ƙwarya ta tsage, a kai wa gyartai. Bokitin roba ya fashe, ga mai liƙi. Tayar keke, takalmi, tabarma, zani, har tukunyar ƙarfe, duk muna da mai gyaransu. Rigar saƙa ce kaɗai ta zo mana ba tare da mai gyaranta ba. Kakanninmu da gwado suka yi maganin sanyi, zaren da suka kaɗa da mazari, masaƙi ya saƙa, kuma in ya yage sun san yadda ake yi masa maho. Ita wannan baƙuwa ce. A kai ta wurin tela ya haɗe bakin hujin ya bi da keke, wurin ya tattare kamar bakin jaka, bayan wanki biyu sabuwar ɓula ta fito a gefen ɗinkin. Ba laifin tela ba ne, keken ɗinki ba don wannan aikin aka yi shi ba.

Dalilin da ƙaramin huji ke zama babba

Ɗauki atamfa ki duba da kyau: zare biyu ne, na tsaye da na kwance, suna hawa kan juna. In ɗaya ya tsinke saura na riƙe da wurin. Rigar saƙa ba haka take ba. Zare ɗaya ne ke tafiya yana yin ƙananan idanu, kowane ido ya rataya a wuyan na ƙasa da shi, shi kuma na sama ya riƙe shi. Wannan ne ke sa ta miƙe ta dawo, ta kuma tsare ɗumi, don iska na maƙale a cikin idanun. Amma shi ne rauninta. Zare ya tsinke wuri ɗaya, idon da ke wurin ya rasa mai riƙe shi, ya suɓuce, na ƙasa da shi ma ya bi, a haka har a ga layi ya sauka kamar tsani. Yaro kuma ba ya ganin huji ya ƙyale, sai ya zura yatsa.

Saboda haka aikin farko, tun kafin ki sami lokacin zama, shi ne kama idon da ya kuɓuce. Zura masa ɗan zare ki ɗaure sako-sako, ko ki soka tsinken tsintsiya a ciki. Wannan kaɗai ya tsai da ɓarnar. Kuma in ƙaya ko ƙusa ta ja zare ya fito waje yana reto, kada ki sa almakashi ko reza. Wannan zaren bai tsinke ba, yanka shi ne zai haifi huji. Tura shi ciki da gindin allura, ki ɗan jajja rigar ta ko'ina a hankali, ya koma mazauninsa.

Kayan aikin ba su kai dala ɗari ba, wasu ma suna cikin ɗakinki. Allura mai faɗin kafa wadda zaren ulu zai shiga, kuma marar tsini sosai, don mai tsini tana tsaga zaren rigar maimakon ta bi tsakaninsa. Inna ƙaramar basilla take amfani da ita, ta goga bakinta a dutse har ya dakushe. Sai abin da za a sa a ƙarƙashin hujin ya ɗaga shi: bayan ludayi ga riga, ƙaramin ƙoƙo in wurin da faɗi, ƙwallon goruba ga diddigen safa ko hular jariri. Turawa har sassaƙa itace suke yi mai siffar ƙwai saboda wannan aikin, mu kuwa duma ya hutar da mu.

Zare shi ne wurin da ake kuskure. Zaren keke siriri ne kuma da ƙarfi, yana yanka ulu kamar yadda igiyar guga ke cin bakin rijiya. Ana son zare mai kaurin na rigar, ko wanda ya ɗan fi shi siranta. Ulun da ake sayarwa don kitso da saƙar kwarashi yana yi. In ya yi kauri a raba silinsa biyu. Amma wanda ya fi duka kyauta ne: rigar da ta mutu. A tsefe ɗinkin kafaɗa, a nemo bakin zare daga sama, a ja, sai ta yi ta warwarewa. Wasu rigunan a masana'anta yanka su aka yi kafin a haɗa, waɗannan guntu-guntu zarensu ke fitowa, amma ba komai, gyaran huji ba ya son zaren da ya wuce kamu ɗaya ko biyu. Zaren zai fito a nannaɗe. A naɗe shi a bayan ƙwarya, a yayyafa ruwa, a bari ya bushe, ya miƙe.

Yadda ake cikewa

A wanke rigar ta bushe tukuna. A sa bayan ludayin ƙarƙashin hujin, a tattara rigar a wuyan ludayin a riƙe da hannun hagu, ko a ɗaure da ɗan ƙyalle. Kada a ja ta ta yi tauri kamar fatar ganga, kada kuma a bar ta a yamutse. Yadda take zama a jikin mai ita, haka ake son ta zauna.

Ba a ƙulli. Ƙulli a rigar saƙa ko dai ya zame ta cikin ido, ko ya dami fatar yaro. A bar jelar zare kamar tsawon yatsa, a dawo kanta daga baya.

Da farko a zagaye hujin da ƙananan ɗinki na shiga-da-fita, kamar faɗin yatsa ɗaya daga bakinsa, inda saƙar ke da lafiya. A nan ne masu gaggawa ke faɗuwa: su kama bakin hujin daidai, alhali zaren wurin ya riga ya ruɓe, gobe ya sake. Ana cikin zagayen, duk idon da aka gani a sake a ratsa allura ta cikinsa a tafi da shi.

Sai wadari, kamar na masaƙa. A fara daga cikin lafiyayyar saƙa a gefe ɗaya, ɗinki biyu ko uku, a tsallake hujin da zaren, ɗinki biyu ko uku a wancan gefen, a juyo. Layi kusa da layi, tazarar da ke tsakaninsu daidai kaurin zaren. Wurin juyawa a bar zaren ya ɗan saki, kada a ja shi tam. A ci gaba har layukan tsaye su rufe hujin su ɗan wuce shi ta kowane ɓangare. In kin duba za ki ga bayan ludayi ta tsakaninsu kamar ta cikin asabari.

Yanzu a juya a gitta. Allura ta hau kan zare ɗaya, ta shige ƙarƙashin na biyu, ta hau na uku, har ƙarshe, ta kama lafiyayyar saƙa, ta juyo. A dawowa a sauya: wanda aka hau a baya yanzu a bi ƙarƙashinsa. Duk wadda ta taɓa saƙa tabarmar kaba ko ta kalli mai saƙa zana ta riga ta san wannan. Bayan kowane layi a tura shi da bakin allura ya matsu da ɗan uwansa. In an gama, a juya rigar, a zura jelar farko da ta ƙarshe cikin bayan saƙar, gaba kaɗan, baya kaɗan, a yanke saura. A ɗora jiƙaƙƙen ƙyalle a danna da tafin hannu. Ban da dutsen guga mai zafi.

Nawa na farko muni ya yi, gaskiya. Na ja zaren da ƙarfi don ina ganin ƙarfi shi ne inganci, gwiwar hannun ta ƙanƙance, yaron ya kasa lanƙwasa hannu sosai. Inna ta duba ta ce, "Ɗiyata, ba buhun gero kike ɗinkewa ba." Na kwance na sake. Abin lura shi ne facin da aka saƙa haka ba ya miƙewa kamar sauran rigar, don haka a gwiwar hannu da diddige, wuraren da ke motsi, sassauci ya fi. Inna ma a irin waɗannan wuraren a karkace take gitta zaren na biyu, daga kusurwa zuwa kusurwa, ta ce ya fi ba da hanya. Na gwada, haka ne.

Tsanin da ya sauka kuwa ba ya buƙatar sabon zare sam, in akwai kwarashi. Zaren duk yana nan, kwance yake a matsayin matakala. Sa ƙugiyar kwarashin cikin idon da ke can ƙasa, ki kamo matakin da ke bisansa daidai, ki jawo shi ta cikin idon. Ya zama sabon ido. Ki kamo na gaba, ki jawo. Haka za ki hau har inda zaren ya tsinke, ki kama idon ƙarshe da allura ki cike ɗan hujin da ya rage. Ƴan matanmu da suka koyi saƙar hula da kayan jarirai wannan ba zai ɗauke su minti goma ba.

Akwai kuma gyaran da ya fi duka kyau, wanda ake yi kafin huji ya fito. Ɗaga rigar ga rana: inda haske ke ratsowa fiye da ko'ina, nan ne zai ɓule nan gaba. In kin ƙura ido za ki ga kowane ido a fuskar rigar kamar ƴar gwafa yake, ƙafa biyu sun haɗu a ƙasa. Fito da allura daga ciki a gindin gwafar, ki ratsa ta bayan ƙafa biyu na gwafar da ke samanta, ki koma cikin inda kika fito, ki ɓullo a gindin ta kusa. Sabon zare ya kwanta bisa tsohon, ya bi sawunsa. Yana cin lokaci da ido, amma yana miƙewa tare da rigar, kuma in launi ya dace sai an nuna wa mutum. Ni ina ajiye shi ga riga mai daraja ne, ba ga ta wasan ƙasa ba.

Bakin hannun da ya tsefe, a naɗe shi ciki a kama da ɗinki sako-sako, ko a yanke wuyan tsohuwar safa a ɗinka a madadinsa. Hammata galibi ɗinkin haɗi ne ya kwance, ba saƙar ba, a mai da shi kawai. Hujin da ya fi tafin hannu faɗi, a yanko maho daga matacciyar riga a ɗora, a bi gefensa sau biyu. Rigar da duk inda kika ja sai zare ya tsinke kuwa, kada ki ɓata yininki. Ta zama zare, ko a yanke hannuwan su zama safar ƙafa ga mai rarrafe.

Ulu na gaskiya da na roba

Ba duk abin da muke kira ulu ne gashin tunkiya ba. Yawancin bosho mai araha zaren roba ne da aka sarrafa daga man fetur. Gane su ba wuya: ciro ɗan sili daga cikin ɗinki ki kusanta shi da ashana, nesa da yara da sauran kaya. Na tunkiya yana warin babbakar kai, ya bar toka mai murmushewa. Na roba narkewa yake, ya dunƙule baƙi da tauri.

Sanin bambancin yana da amfani ta fuska uku. Na tunkiya ba ya son ruwan zafi da cuɗa mai ƙarfi, yana ƙanƙancewa ya dunƙule, rigar babba ta koma ta ƙanensa. Shi ne kuma asu ke ci. Na roba asu bai damu da shi ba, amma wuta abokiyar gabarsa ce. Ƙananan hujojin nan masu baƙin baki da tauri da muka yi ta gani a gaban rigunan yara, tartsatsin wutar jin ɗumi ne. A irin wannan sai an yanke ƙonannen bakin kafin a cike. Abin da ya fi hujin muni shi ne in rigar ta kama, narkewa take ta manne a fata. Yaro mai sanye da irinta a ja shi baya daga murhu, ko da zai yi kuka.

In sanyi ya wuce, wajen ƙarshen Fabrairu ko Maris, nan ne ake yin ɓarnar da ake gani a Disamba. Mu cusa riguna cikin buhu da dattinsu, da ɗigon koko da maiƙon miya, mu jefa bayan gado wata tara. Wannan gayyata ce ga ɓera da kyankyaso da asu. A wanke, a shanya a kwance bisa tabarma don ratayewa da ruwa a jiki na ja ta ta yi tsawo, a tabbata ta bushe sarai, a gyara hujin a lokacin tun yana ƙarami, a ninke cikin abu mai murfi nesa da ƙasa saboda gara. Busasshen ganyen dogon yaro da iyayenmu ke sawa a kaya ba ya cutarwa. Kafur kuwa a yi hattara: yara na ɗaukarsa alewa, guba ne, kuma akwai jariran da ko warinsa a tufafi ke iya lalata musu jini ya kawo shawara. Kada a sa shi cikin kayan jariri ko kaɗan.

Maganar kunya, da maganar lokaci

Ba kowa ce ta yi na'am ba. Wata ƙanwarmu ta ce ita ɗanta ba zai je makaranta da faci a riga ba, a ce uwarsa ta gaza. Na fahimce ta, don mun san bakin mutane, har a gidan suna kallon abin da ɗan wance ya sa ake yi. Amma yaron nan da faci ko babu, bosho ya sa, wani ɗan ya riga shi sawa a wata ƙasa. Kuma su can ɗin ba su ɗauki gyara abin kunya ba in ta kama. A Ingila lokacin yaƙin duniya na biyu da bayansa, daga 1941 har 1949, tufafi da takardar rabo ake sayensu, kuma a 1943 gwamnati da kanta ta buga ɗan littafi tana koya wa mata irin wannan aikin na allura. A Faransa, tun watan Nuwamba na 2023, wanda ya kai tufa ko takalmi wurin mai gyara da aka amince da shi ana rage masa daga yuro 6 zuwa 25 bisa ga irin gyaran, wato daga kusan jikka huɗu zuwa sama da jikka goma sha shida a kuɗinmu, kuma daga aljihun kamfanonin tufafi ake tara kuɗin. Su ana biyansu don su gyara. Mu da muke sayen abin da suka ajiye, mu ne za mu ji nauyi?

Hujjar da ta fi ƙarfi daga mai ƙosai ta fito. Ta ce ita lokacinta kuɗi ne: awa ɗayan da za ta zauna tana bin ido ɗaya-ɗaya, da ta jiƙa wake ta kai niƙa ta fi cin riba, ga ido na yaji da dare, ga hasken tocila. Gaskiyarta. Kada wani ya zo ya ƙara wa mace aiki bisa aiki da sunan tattali. Ba kowace ce ya kamata ta yi da hannunta ba. Amma wannan hujjar tata ita ce ta nuna akwai sana'a a wurin: mai ƙosai ta biya, wadda ke zaune a gida, mai jego ko tsohuwa ko budurwa, ta gyara.

Mu yi lissafin da sannu. A ce ƙaramin huji dala ashirin, babba ko maho dala hamsin. A ƙungiyarmu zubin mako dala hamsin ne. Ke nan babban huji ɗaya, ko ƙanana uku, sun biya zubi. Jarin allura ce da matattun riguna. Ban ce za a ci da gida da ita ba. Kasuwarta wata uku ce ko huɗu, dangi za su so kyauta, maƙwabta za su ce a rubuta bashi. Wadda ke da wayo sai ta je wurin mai bosho ta sayi masu hujin da yake warewa gefe yana sayarwa a wulaƙance, tun kafin sanyi ya kama, ta gyara, ta sayar a Disamba. Wannan rance ne da asusu zai bayar da farin ciki, don shi yana dawowa da ɗansa. Tsarin Mata Masu Dubara da aka fara a nan jihar Maraɗi a 1991 tare da ƙungiyar CARE, wanda yanzu ƙasashe da yawa suka kwaikwaya, da kuɗin matan kansu ya tashi, dala-dala, ba da jarin waje ba. Irin waɗannan ƙananan sana'o'in ne suka cika akwatunan farko.

Cikin mata ukun nan, ɗaya ta riga ta sayi rigunan kafin mu tara na bara, ta ce na gyaran sa zama na canji ranar wanki. Ɗaya ta mai da rabin rancen a zubi na gaba. Ta ukun ita ce mai maganar kunya. Ba ta ce komai ba, amma bayan kwana biyu na ga ɗanta a hanyar rijiya da shuɗiyar rigar nan, gwiwar hannu ɗaya cike da jan zare don shuɗi bai samu ba, yana nuna wa abokansa. Yanzu ƙanensa na kuka sai an yi masa irinta, alhali tasa lafiya lau take.

Inna ta yarda ta zauna da duk mai son koyo bayan an tashi daga zubi, har sanyi ya wuce. Ƙungiyoyin maƙwabta ma ƙofa a buɗe take. Kowace ta zo da rigar da aka wanke, da ludayinta, da wata matacciyar riga in akwai. Ta ce a zo da rana tsaka kafin haske ya ragu, kuma a haɗo ta da yarinya mai ƙarfin ido da za ta riƙa zura mata zare a allura.